YADDA ZA KI ƊINKA WA 'YARKI KAYAN GIMBIYA DA TSOHON ZANI

 A filinmu na wannan wata za mu yi bayani a kan ɗinkin kayan yara. Muna roƙon wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba tukuna.

Kowace shekara idan azumi ya raba tsakiya, hankalin iyaye yakan tashi. Kuɗin yadi yakan hau. Teloli sukan cika da aiki, har wani ya karɓi ɗinki bai gama ba sai bayan Sallah. A kasuwa kuma ga rigunan kanti na yara mata, masu raga-raga da duwatsu masu ƙyalli, waɗanda ake kira rigar gimbiya. Yarinya ta gani a jikin 'yar maƙwabta ta sa kuka. Uwa ta ji ba daɗi. Daga nan sai a ci bashi, ko a sayar da akuya, ko a ɗebi hatsin rumbu a kai kasuwa.

To amma mu duba. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 3 yana ƙara tsawo kamar inci 3 a shekara. Rigar da aka sayar da akuya dominta, kafin wata Sallar ta zagayo ta yi wa yarinya kaɗan. Akuyar kuwa da an bar ta, da ta haihu.

Saboda haka za mu nuna miki yadda za ki yi wa 'yarki riga, da alkyabba, da kambi, da hannunki. Ba ki bukatar keken ɗinki. Tsohon zani ɗaya, da allura, da zare sun isa. Za mu kuma nuna miki yadda za ki yi su ba tare da sun jawo wa yarinya haɗari ba. Domin 'yar shekara 2 ko 3 kome ta samu baki take kai wa, gudu take yi, kuma kusa da murhu take wasa.

WACE CE GIMBIYA?

Gimbiya ita ce 'yar sarki. A ƙasar Hausa muna da mata da suka yi suna a gidan sarauta. Akwai Daurama, sarauniyar Daura, wadda labarin Bayajida ya ambata. Rijiyar Kusugu ta cikin labarin tana nan a Daura har yau. Akwai Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, wadda masana tarihi da yawa suka ce ta rayu a ƙarni na 16. Ita ce ake jingina wa gina ganuwa a garuruwa da dama. Akwai kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ita ce ta kafa 'Yan Taru, masu kai karatu ga matan ƙauye. Shugabarsu ana ce mata jaji, kuma alamarta ita ce malfa da jan rawani.

Kayan sarautarmu na gargajiya su ne alkyabba da rawani. Kambi mai tsini-tsini kuwa na sarakunan Turai ne. Yara suna ganinsa a littattafan makaranta da talabijin, shi ya sa suke sonsa. Za mu haɗa duka biyu. Kayan za su yi amfani ranar Sallah, da bikin suna, da Ranar Yara ta 27 ga Mayu, da wasan kwaikwayo na makaranta.

ABUBUWAN DA ZA KI TANADA

1. Tsohon zanin atamfa ɗaya, mai yadi 2.
2. Ƙyalle marar zane na alkyabba. Tsohuwar rigar shadda ta maigida tana yi, in ya yarda.
3. Guntayen ƙyallaye masu launi. Teloli sukan zubar da su, ko su sayar da arha.
4. Allura, da zare, da almakashi.
5. Alli, ko ɗan guntun sabulu, na yin alama.
6. Kwali mai tsabta, irin na sukari ko na sabulu.
7. Ƙaro ko sitacin rogo, na liƙi.
8. Tsohuwar rigar yarinyar wadda take mata daidai.
9. Tsohuwar takarda mai faɗi. Amma kada ki yanka wannan jarida. Ki adana ta don karatu.

Cikin waɗannan, zare da allura kaɗai ne galibi za ki saya. Idan ba ki da almakashi ki ara.

ZAƁEN ƘYALLE

Da farko ki wanke zanin, ki shanya, ki goge. Sannan ki ɗaga shi ki duba ta hasken rana. Inda haske ya ratsa sosai, wurin ya ci, kada ki yi amfani da shi. Galibi tsakiyar zani ce take fara ci, saboda zama. Gefe-gefe kuwa yana da sauran ƙarfi.

Idan ƙyallen alkyabbar ya koɗe, ana iya kai shi marina a rina shi shuɗi. Rini tsohuwar sana'armu ce. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, har yanzu tana aiki. In an rina, ki wanke ƙyallen har ya daina zuba.

Babban abin lura shi ne, ki san ko ƙyallenki na auduga ne ko na roba. Yadin roba, irin su nailan da foliyesta, yana riƙe zafi da gumi, yana kawo ƙuraje. In kuma ya kama wuta narkewa yake yi, ya manne a fata. Auduga ma tana cin wuta, amma ba ta narkewa, toka take zama. Yadi marar kauri mai raga-raga, wanda yake baje a iska, yana saurin kamawa ƙwarai.

Ga yadda za ki gwada. Ki yanki ɗan guntu kamar farcen hannu. Ki fita waje, nesa da yara. Ki riƙe shi da tsinke, ki kunna masa ashana. In ya yi warin takarda mai ƙonewa, ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya ƙanƙance, ya narke, ya bar ɗan dunƙule mai tauri, roba ce. Ki zaɓi auduga.

YADDA AKE AWO

In kina da tef ɗin awo, to madalla. In babu, ki sami igiya mai laushi, ki riƙa yin ƙulli a inda awo ya tsaya. Ki tuna, yadi 1 inci 36 ne. Kamu 1, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, kamar inci 18 ne. Faɗin yatsu 4 kamar inci 3 ne.

Awo huɗu za ki yi:

1. Kewayen ƙirji.
2. Daga kafaɗa zuwa ƙugu.
3. Daga ƙugu zuwa ƙwauri. Ki tsaya yatsu 4 sama da idon sawu.
4. Kewayen kai, ta goshi.

Misali, ga wata 'yar shekara 2 da rabi za a iya samun ƙirji inci 21, kafaɗa zuwa ƙugu inci 9, ƙugu zuwa ƙwauri inci 16, kai inci 19. Wannan misali ne kawai. Kowace yarinya da nata awon. Ki rubuta naki a littafinki. Ga amfanin karatu nan tun ba a je ko'ina ba.

Me ya sa muka ce a tsaya sama da idon sawu? Domin riga mai jan ƙasa tana harɗe ƙafar yaro ya faɗi. Tana kuma iya taɓa garwashi ba a sani ba.

YANKAN RIGA

Rigar kashi biyu ce, sama da ƙasa. Mu fara da sama.

Ki shimfiɗa tsohuwar rigar yarinyar a kan takarda. Ki bi gefenta da alli, daga wuya zuwa kafaɗa, zuwa hammata, zuwa ƙugu. Ki ɗauke rigar. Ki sake jan wani layi a waje, wanda ya ba na farko tazarar yatsu 2. Wannan ƙari na ɗinki ne da na girman yarinya. Ki yanke takardar a kan layin waje.

Ki ninka ƙarshen zani biyu, ki ɗora takardar, ki zana, ki yanka. Kin sami ɓari biyu ke nan, gaba da baya. Ki duba, faɗin kowane ɓari ya kai rabin awon ƙirji da ƙarin inci 3. A misalinmu, inci 13 da rabi ke nan. Ki ɗan ƙara zurfin wuya a ɓarin gaba. A ɓarin baya kuma ki tsaga daga wuya zuwa ƙasa kamar inci 4. Kan ƙaramin yaro babba ne, in babu wannan tsagar riga ba za ta shiga ba.

Yanzu sai ƙasan riga. Ki bi bakin zani, wato gefen da masaƙa ta gama, wanda ba ya zarewa. Shi ne zai zama ƙasan rigar, kin huta da kalmasa. Ki auna ninki biyu na awon ƙirji a kan bakin zanin. A misalinmu inci 42 ke nan. Tsawonsa kuma awon ƙugu zuwa ƙwauri da ƙarin inci 3, wato inci 19. Ki yi alama da alli. Ki sake aunawa kafin ki sa almakashi, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

ƊINKIN RIGA

Ɗinki iri biyu kawai za ki yi amfani da su. Na farko shi ne ɗinkin tafi-gaba. Allura tana shiga tana fita a jere. Na biyu shi ne ɗinkin koma-baya. Idan allura ta fito, sai ki koma baya kaɗan ki soka, ta fito a gaba. Wannan shi ne mai ƙarfi, yana kama da ɗinkin keke.

Mataki na 1. Ki haɗa gaba da baya, fuskar zani tana kallon fuskar zani. Ki ɗinke kafaɗu da gefe biyu da ɗinkin koma-baya. Ki bar wuya da hammata a buɗe.

Mataki na 2. Ki yanki siraran ƙyallaye masu faɗin yatsu 2. Ki yanke su a karkace, wato daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙyallen da aka yanka haka yana lanƙwasa ba tare da tattarewa ba. Ki rufe bakin wuya, da tsagar baya, da hammata da su. In kika yi da wani launi dabam, ya zama ado.

Mataki na 3. Ki ɗinka maɗauri biyu gajeru a saman tsagar baya. Kowanne kada ya wuce inci 6. Sun fi maɓalli, domin maɓalli yana iya cirewa yarinya ta haɗiye.

Mataki na 4. Ki ɗauko ƙasan riga, ki haɗa gefensa biyu ki ɗinke. Ya zama kamar buhu marar gindi.

Mataki na 5. Wannan ita ce tattara, kuma ita ce take sa riga ta buɗe ta yi kyau. Ki sa zare mai ƙarfi, ninki biyu. Ki yi ɗinkin tafi-gaba manya-manya a bakin sama, ki kewaye. Ki sake yin layi na biyu a ƙarƙashinsa. Kada ki ƙulle ƙarshen zaren. Ki kama zaren ki ja sannu a hankali, ƙyallen zai riƙa tattaruwa. Ki ci gaba har bakin ya yi daidai da ƙugun saman riga. Sai ki ƙulle. Ki baza tattarar da yatsa, kada ta taru gefe guda.

Mataki na 6. Ki haɗa sama da ƙasa, fuska da fuska, ki ɗinke da ɗinkin koma-baya. Ki bi sau biyu, domin nan ne riga take fara yagewa.

Mataki na 7. Yatsu 4 sama da ƙasan riga, ki kama ninki na inci 1, ki ɗinke shi a kewaye. Yanzu ado ne. Baɗi in yarinya ta ƙara tsawo, sai ki warware shi, riga ta ƙaru da inci 2.

In kina son hannu, ki yanki ƙyalle mai faɗin inci 3 da tsawon inci 12, guda biyu. Ki kalmashe gefe ɗaya, ki tattara ɗayan, ki ɗinka a kan kafaɗa. Zai tsaya kamar fiffike.

Ga wadda lokaci ya ƙure mata akwai hanya mai sauƙi. Ki sami singiletin yarinya mai kyau, ya zama shi ne saman riga. Sai ki ɗinka masa ƙasan mai tattara kawai.

ALKYABBA

Ki yanki ƙyallen nan marar zane, faɗi yadi 1, tsawo daga kafaɗar yarinya zuwa bayan gwiwarta. Ki kalmashe gefe uku. Gefen sama ki yi masa tattara, har ya yi daidai da faɗin kafaɗunta. Ki rufe tattarar da siririn ƙyalle.

Alkyabbar sarakuna tana da aikin zare a gaba. Ke kuma ki yi naki da guntayen ƙyalle. Ki yanki dogon ƙyalle ja ko rawaya mai faɗin yatsu 3, ki ɗinka shi a gefe biyu na gaba, daga sama har ƙasa. Ki yanki wasu masu kusurwa huɗu, ki jera su a kai, ki ɗinke kowanne ta ko'ina. Wadda ta iya surfani tana iya yin dagi a baya da zare mai launi.

A nan ki lura sosai. Kada ki sa wa alkyabba igiyar da za ta zagaye wuyan yarinya. In alkyabba ta maƙale a dangar kara, ko ƙusa, ko wani yaro ya ja ta ta baya, igiyar za ta shaƙe ta. Abin da za ki yi shi ne, ki kama alkyabbar a kan kafaɗun riga da ɗinki 3 ko 4 a kowane gefe, da zare falle ɗaya. In an fizga, zaren ne zai tsinke. Ranar wanki kuma sai ki cire ta cikin sauƙi.

KAMBI

Ki yanki kwali mai tsawon awon kai da ƙarin inci 2. Tsayinsa yatsu 4. Ki zana tudu 3 ko 5 a tsakiya, na tsakiyar ya fi sauran tsawo. Ki yanke su, amma ki dakushe tsininsu su zama kamar kan ƙwai. Tsini yana iya tsone idon wani yaro.

Ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi tun dare, ko ki dama sitaci da kauri. Ki shafa wa kwalin, ki lulluɓe shi da ƙyalle rawaya ciki da waje. Ki danne shi da abu mai nauyi ya bushe. Bayan ya bushe ki bi gefensa da allura, don kada ƙyallen ya ɓare. Ki yanki ƙyallaye ja da kore, zagayayyu, ki ɗinka su a kan kowane tudu. Su ne a madadin duwatsu.

Ki ɗaura wa yarinya ɗankwali, ki gwada kambin a kai, sannan ki ɗinke ƙarshensa biyu. Kada ki haɗa shi da waya ko fil. Kada kuma ki sa masa igiya ta ƙarƙashin haɓa. In ya faɗi a ɗauka.

A hannu kuwa, maimakon sanda, ki ba ta ƙaramin mafici na kaba, ki rufe bakinsa da ƙyalle. Sanda tana iya sukar ta a baki ko a ido in ta faɗi da gudu.

ADO DA KWALLIYA

Yaron da bai kai shekara 3 ba, maƙogwaronsa siriri ne. Ƙwayar dutsen ado, ko maɓalli, ko kwabo yana iya toshe masa numfashi. Ga gwaji mai sauƙi. Ki haɗa babban yatsanki da manuniya ki yi zobe. Duk abin da ya wuce ta cikin zoben nan, kada ya kasance a jikin kayan 'yarki.

Saboda haka a bar sarƙar duwatsu sai ta girma. Ki yi mata sarƙa ta ƙyalle. Ki yanki zagayayyun ƙyallaye rawaya, ki jera su a ƙirjin riga, ki ɗinke. Daga nesa kamar sarƙa ce. Awarwaro kuma ki yi shi da kaba, ki naɗe da ƙyalle, ki ɗinke ƙarshen.

Sai maganar kwalli. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa yana ɗauke da dalma, kuma dalma guba ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, gubar ta shiga cikinsa. Tana taruwa a jiki sannu a hankali, tana rage jini, tana dakushe ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa gane karatu. Mun ga ƙarfin wannan guba a Jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. A can daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje gubar ta fito, amma dalmar iri ɗaya ce. Idon yaro ba ya bukatar kwalli. A bar shi haka.

Lalle ja na ganye shi ne namu na asali. Ana iya sa wa yarinya kaɗan a tafin hannu, amma ban da jarirai. Baƙin lalle kuwa, wanda ake haɗawa da maganin rina gashi, yana iya ƙona fata, ya tashi bororo, ya bar tabo. Kada a sa wa yaro. Man bilicin ma haka.

Kitso a yi mata manya, kada a ja da ƙarfi. Takalmi kuma ta sa wanda ta saba da shi, a wanke shi tas. Takalmi mai tsini ba na yara ba ne.

RANAR SAWA

Ki wanke rigar. In kina so ta tsaya, ki sa wa ƙasanta sitaci kaɗan, ki goge. Kada ki sa wa saman, zai riƙa kartar fata. Ki shafa hannu a duk jikin kayan, ki tabbata ba ki manta allura ba.

Ranar Sallah ranar girki ce, kowane gida da wuta. In yarinya ta sa kayan, a nisanta ta daga murhu, da fitila, da kaskon turare. A ba yayarta ko kakarta amanar kula da ita. In za ta yi barci a cire mata alkyabba da kambi. In da zafin rana ne, a cire alkyabbar bayan an gama gaishe-gaishe, a riƙa ba ta ruwa. In lokacin hunturu ne, a sa mata wata riga daga ciki.

Allah ya kiyaye, amma yana da kyau mu san abin yi in tsautsayi ya auku.

In riga ta kama wuta, kada a bar yarinya ta yi gudu, domin iska tana ƙara wuta. A kwantar da ita, a rufe wutar da bargo ko zani mai kauri, ko a watsa ruwa. Sai a riƙa zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko gishiri, ko man goge haƙori. Kada a ɓamɓare ƙyallen da ya manne a fata. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai ta asibiti.

In ta shaƙe da wani abu amma tana tari, a bar ta ta yi tarin. In ta kasa tari da kuka, ki kifa ta a cinyarki, kanta ya yi ƙasa. Ki bugi bayanta tsakanin kafaɗu da gindin tafin hannu sau 5. Ki duba bakinta. In kin ga abin ki cire. In ba ki gani ba kada ki zura yatsa, za ki ƙara tura shi. A ci gaba, ana kuma hanzarta zuwa asibiti. In dutse ya shiga hanci ko kunne, kada a ƙwaƙule da tsinke. A kai wa malamin asibiti.

A FARA DA WURI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In kika fara tun goma ga azumi, kina yin awa 1 ko 2 kullum, cikin mako ɗaya kin gama. Ranar farko wanki da awo. Rana ta biyu yanka. Ta uku da ta huɗu ɗinkin riga. Ta biyar alkyabba. Ta shida kambi. Ta bakwai gwaji da gyara. Ki yi ɗinki da rana, don lafiyar idonki. In kin tashi, ki bar zare a jikin allura, ki soke ta a ƙyalle, ki ajiye inda hannun yaro ba ya kai wa.

Muna ba 'yan aji shawara su yi aikin tare. Mata 5 ko 6 suna iya haɗa kuɗi su sayi almakashi ɗaya da zare kala-kala. Ɗaya ta aika wajen tela a karɓo guntayen ƙyalle, a raba. Wadda ta iya yanka ta yanka wa kowa. Wadda ta iya tattara ta koya wa saura. Wadda hannunta ya faɗa kuwa, maƙwabta za su fara kawo mata nasu, ta riƙa samun na sabulu da na littafin yara.

In yarinya ta fi ƙarfin kayan, a wanke a ajiye wa ƙanwarta. Lokacin da kike sa mata su kuma, ki ba ta labarin Daurama, da Amina, da Nana Asma'u. In shekarunta sun kai, a sa ta makaranta.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Inci nawa ne a yadi 1?
2. In ƙirjin yarinya inci 22 ne, inci nawa za a auna a bakin zani don ƙasan riga?
3. Yaya ake gane yadin auduga da na roba?
4. Me ya sa ba a sa wa alkyabbar yaro igiya a wuya?
5. Ki tambayi kuɗin rigar kanti a kasuwarku. Ki rubuta abin da kika kashe a zare da allura. Ki ɗebe ƙarami daga babba. Nawa kika tsira da shi?

Ku rubuta amsa a littafinku ku nuna wa malama. Wadda ta gwada ɗinkin ta rubuto mana wasiƙa da hannunta, ta ba malamar aji ta aiko, mu ji yadda aka ƙare. Allah ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.